Dunƙule Ɗaya a Tanka 12: Karatun Alƙaluman Gubar Ruwan Kano

Wani maƙwabcina a Hotoro ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, da aka gama sai ya ɗebi ruwan a gora ya kai wani ɗakin gwaji a cikin gari. Bayan 'yan kwanaki aka ba shi takarda guda. Muna zaune a dakali bayan la'asar ya miƙo mini ita, ya ce, "Malam, duba mini nan. Sun ce lafiya lau, amma ni ban ga komai ba sai sifiri da ɗigo." Na ce, "Alhaji, ai maganar duk tana cikin sifirin da ɗigon." A layin dalma an rubuta haruffa biyu, ND, ma'ana injin bai hango komai ba. Layin kadmiyom ma haka. Kuromiyom ko layinsa babu. Ba a rubuta ranar da aka ɗebi ruwan ba, ba a faɗi irin injin da ya yi aikin ba. Alhaji ya ninke takardarsa ya zura a aljihu hankalinsa kwance, nawa kuwa a lokacin ya tashi.

Kafin a ce ruwa ya gurɓata sai an san mudun da ake awo da shi. Najeriya tana da nata, kundin ingancin ruwan sha mai lamba NIS 554, wanda hukumar SON ta fitar a 2007 aka sabunta shi a 2015. A kan ƙarafan da suka fi damun Kano, bakinsa ɗaya da na Hukumar Lafiya ta Duniya: dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a kowace lita, asinik ma 0.01, kuromiyom 0.05, kadmiyom 0.003. Irin waɗannan lambobi ba sa zama a ka sai an juya su zuwa abin da ido ya saba gani.

Mazaunin Hotoro ya san tankar mai kamar yunwar cikinsa, albarkacin defon NNPC da ke unguwar. Tankar da aka saba gani lita 33,000 take ɗauka. A ce an cika ta da ruwa. Dalmar da ka'ida ta yarda a samu a cikinta gaba ɗaya giram 0.33 ce, sulusin giram ke nan. Dunƙulen Maggi giram 4 ne. Dalma mai nauyin dunƙule ɗaya, in ta narke, za ta kai lita 400,000 bakin iyaka, wato tanka 12. Kadmiyom mai wannan nauyi tanka 40 zai kai iyaka, kuromiyom kuma kusan tanka biyu da rabi. In aka sauko kan jarkar mai garuwa ta lita 25, rabonta na dalma rubu'in miligiram ne. Ido ba ya ganin wannan, harshe ba ya jin sa. Tafasa ruwa ma, da take kashe ƙwayoyin cuta, ba ta taɓa ƙarfe. Ruwan ne ke tashi tururi, ƙarfen ya zauna a tukunya ya ƙara kauri.

Rukunan masana'antu uku ne aka fi ambata a Kano, kuma hanyar ruwansu biyu ce. Bompai, wadda ta girme su, tana ƙaramar hukumar Nasarawa, ƙaramar hukuma ɗaya da Hotoro ta Arewa da ta Kudu. Abin da ya fito daga can yana bin rafin Getsi, ya haɗu da Jakara wadda ta riga ta kwaso ƙazantar cikin birni da ta mayanka, su zarce madatsar Wasai ta wajen Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na rukunin Challawa da ke Kumbotso ma kogin yake nufa. Challawa ta haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa, inda babbar matatar ruwan sha mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana take, daga nan sai Wudil, Haɗeja, fadamun Nguru, Gashuwa, har tafkin Chadi. Hukumar da aka ɗora wa raya wannan kwari, ta kogunan Haɗeja da Jama'are, hedikwatarta tana nan Hotoro a kan titin Maiduguri, muna wuce ƙofarta kullum.

Kamfanonin jima su ne kan gaba a wannan lissafi. Kano ta daɗe da fata. Jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ita ce fatar da ta ratsa Sahara Turawa suka yi ta kiranta fatar Maroko. Majeman gargajiya da bagaruwa da toka suke aiki. Masana'antar zamani kuwa gishirin kuromiyom take amfani da shi, domin abin da bagaruwa ke yi cikin kwanaki masu yawa shi yana gamawa cikin kwana guda, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na fatar duniya haka ake jeme ta. Matsalar ita ce fata ba ta shanye shi duka. A tsohon salon aiki kusan kashi biyu cikin uku take kamawa, sulusi ya bi ruwa.

Ga yadda lissafin yake a masana'antar da ba ta tace ruwanta. Tan ɗaya na ɗanyar fata yana cin ruwa lita dubu 30 zuwa 50 kafin a gama da shi, abin da zai fito na fatar sayarwa bai wuce kilo 200 zuwa 250 ba, kuromiyom ɗin da ke bin ruwan kuma kilo 2 zuwa 5 ne. Mu ɗauki kilo 4 a cikin lita 40,000. Wannan miligiram 100 ke nan a kowace lita, ninki 2,000 na iyakar ruwan sha. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 0.1 a matsayin iyakar kuromiyom a ruwan ban-ruwa, don haka ko lambu za a bai wa, ya ninka iyaka sau 1,000. In kuma aka ce a sirka shi da ruwa mai tsabta har ya sauko 0.05, sai an samo lita miliyan 80, fiye da rabin abin da Tamburawa ke iya tacewa a yini, duk saboda tan ɗaya na fata. Wannan ba awon da aka yi a bakin bututun wani kamfani ba ne, lissafin sana'ar ne kawai, amma ya isa ya nuna cewa kogi ba zai wanke wa masana'anta kayanta ba. Dabarar kwato kuromiyom daga ruwan jima tsohuwa ce: a sa sinadarin da zai kwantar da shi, a kwashe, a sake narkarwa a mayar cikin aiki, a ceto fiye da kashi 90 cikin 100. Tana bukatar wutar lantarki da mai lura, abubuwa biyu da kowa ya san farashinsu a Sharaɗa.

Duk da haka kada ninki 2,000 ya firgita mai karatu fiye da kima, domin kuromiyom iri biyu ne. Masana suna kiran ɗaya mai daraja uku, ɗayan mai daraja shida. Na jima mai ukun ne, gubarsa da sauƙi, ba ya son zama cikin ruwa, yakan kwanta a laka. Mai shidan shi ne mugun: yana narkewa sarai, yana ratsa ƙasa ya iske rijiya, kuma cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, tare da kadmiyom da asinik. Sai dai mai uku yana iya rikiɗa ya koma mai shida, in an ƙona guntayen fatar da aka jeme, ko ya gamu da wasu ma'adanai a cikin ƙasa, ko ma da kulorin da ake tsarkake ruwan famfo da shi. Rahoton da ya ce "kuromiyom kaza" bai faɗi wanne ba, rabin labari ya bayar. Wanda kuma ya ga hayaƙi yana tashi daga jujin guntayen fata a bayan wata masana'anta, ya ga wurin da ya kamata a fara ɗibar samfuri.

Wari ma yana ruɗin mutane. Ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tarbar mai wucewa ta gefen kwatocin Challawa na sinadarin tuge gashi ne da ruɓewar tsoka. Ƙarfen ba shi da wari. Kwata tana iya daina ɗoyi alhali lakarta cike take.

Sai batun lokaci, wanda a ganina shi ne ya fi lalata alƙaluman da ake yawo da su. Ruwan saman Kano daga Yuni zuwa Satumba yake zuba, Agusta ta fi kowane wata. A Maris da Afrilu abin da ke gudana a Getsi da Salanta kusan duk ruwan kwata ne, babu na sama da zai sirka shi. Kilo 4 ɗin nan guda, in ya faɗa rafin da ya cika ninki goma, goma zai raba lambar da injin zai nuna. Ɗalibin da ya ɗebi samfurinsa a Agusta da wanda ya ɗeba a Afrilu za su rubuta kundaye biyu masu musun juna, kuma ba wanda ya yi ƙarya. A cikin yini ɗaya ma haka ne, don masana'anta ba ta sakin ruwa daidai wa daida. Lokacin da aka juye durom ɗin jima daban, lokacin wanki daban. Matsakaicin lissafi kuwa gwanin rufa asiri ne. A misali, samfuri tara su nuna 0.01, na goma ya nuna 0.4: matsakaicinsu 0.049, ya tsaya ƙasa da iyakar 0.05 da ƙyar, alhali ranar ta goma ninki takwas aka sha. Shi ya sa masu aikin da gaske suke haɗawa da awon laka. Ruwa yana wucewa da shaidarsa, laka ce ke ajiye ta shekara da shekaru.

Na taɓa tsayawa a lambunan gefen Jakara ta wajen Kwakwaci cikin hunturu. Injin ban-ruwa yana ta ƙugi, tiyo yana tsotso baƙin ruwa mai kumfa yana kwararawa cikin fangali, latas kuwa kore shar, ya fi na ko'ina ƙiba. Wani dattijo da ke cire ciyawa ya ga ina kallon ruwan, ya yi dariya ya ce, "Yaro, wannan ruwan da takinsa yake zuwa." Na ce, "Haka ne, Baba." Gaskiya ya faɗa. Ruwan kwata yana ɗauke da abincin shuka, kuma ga wanda buhun taki ya fi ƙarfinsa wannan rahama ce. Abin da ba ya cikin lissafinsa shi ne ganye, musamman latas da alayyahu, sun fi sauran kayan lambu zuƙar kadmiyom. Wani kaso na wannan ganyen kasuwar 'Yankaba yake zuwa, ya cakuɗe da na Kadawa da na Kura da na Jos, matan Hotoro su sayo ba tare da wata alama da ke raba su ba.

A nan akwai wani tarko da na ga ya kama masu ilimi da yawa. Ka'idar abinci ta duniya ta sa miligiram 0.3 na dalma da 0.2 na kadmiyom a kowane kilo na ganye, amma ɗanyen ganye ake nufi, yadda ake sayen sa. A ɗakin gwaji kuwa sai an busar da shi an niƙa kafin a auna, kuma latas kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne. Kilo 20 na ɗanye shi ke ba da kilo ɗaya na busasshe. To in aka samu miligiram 4 na dalma a kilon busasshen latas, aka gwama da 0.3, sai a yi shelar ya ninka iyaka sau 13, alhali a ɗanyensa 0.2 ne, bai ma kai ba. Tarkon yana kamawa ta ɗaya gefen ma, in aka manta cewa iyaka ba ta san yawan cin mutum ba. Kwamitin masana na hukumomin lafiya da abinci na duniya ya ƙayyade a 2010 cewa jiki zai iya jure maikirogiram 25 na kadmiyom a wata ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 rabonsa miligiram 1.5 ke nan a wata. Alayyahun da ke daidai kan iyakar 0.2, in yana cin giram 250 kullum, ya cinye rabon. Yaro mai kilo 15 giram 60 da 'yan kai a rana sun ishe shi, ɗan abin da za a yanka a faten tsaki. Kadmiyom kuma in ya shiga ƙoda sai ya shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Mutanen lardin Toyama a Japan da shinkafar da aka shayar da ruwan kogin Jinzu suka kamu, ƙashinsu ya riƙa karyewa, sai a 1968 gwamnatinsu ta amsa cewa kadmiyom ne.

Ita dalma, kwamitin nan a shekarar ta 2010 janye adadin da ya taɓa cewa jiki na jurewa ya yi gaba ɗaya, domin ba a sami matakin da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro ba. Ashe 0.01 ɗin da ke kan takarda iyakar abin da ake iya cim ma ne a aikace. A nan ND ɗin Alhaji ya dawo. Injin da ya fi yawa a ɗakunan gwajinmu, mai ƙona samfuri a harshen wuta ya karanta haskensa, ƙarfin ganinsa ga dalma yana tsayawa ne a kusa da 0.01 ɗin, sau da yawa ma sama da shi. Wanda idonsa ba ya ganin abin da ya gaza 0.05, in ya ce bai gani ba, ruwan yana iya ɗauke da ninki huɗu na iyaka. Takardar kirki takan rubuta ƙaramin adadin da injinta ke iya hangowa a gefen kowane ND.

A Zamfara akasin haka aka gani. A 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida, ƙaramin injin awon jini da aka kai iyakarsa maikirogiram 65 a desilita, kuma jinin yara da yawa ya wuce abin da yake iya karantawa. Daga 45 ake fara ba yaro maganin da ke janye dalma daga jiki. A ƙauyuka biyu da masana suka bi gida-gida, kashi 97 cikin 100 na yaran da aka auna sun kai 45 ko sun wuce, kuma yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, ɗaya cikin huɗu. Ƙasar wasu wuraren ta haura miligiram 100,000 a kilo, wato ushirin ƙasar dalma ce, a lokacin da Amurka ke ɗaukar 400 a matsayin iyakar filin wasan yara. Sama da yara 400 aka rasa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Kano ba ta cikin irin wannan hali, kuma wanda ya kwatanta Getsi da ƙauyukan Zamfara ya yi ƙari. Abin ɗauka shi ne kaburbura ne suka fara ba da labari kafin injin ya iso. Gubar da ke matakin 5 ko 10 kuwa ba ta haƙa kabari, sai dai ta rage wa yaro kaifin fahimta a aji, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Cikin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, ya kai mataki na 5 ko ya wuce.

Doka ba ita muka rasa ba. Tun da aka jibge dagwalon masana'antun Italiya a garin Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar, NESREA ta gaje ta a 2007, a 2009 kuma aka fitar da ka'idoji na musamman kan masaƙu da masana'antun fata. Masana ma akwai su: Jami'ar Bayero, cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da kwalejin fata ta NILEST a Zariya, har da cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello mai ƙaramin injin nukiliya da ya fara aiki a 2004, wanda ke iya tantance ƙarafa a ƙasa da laka. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan Challawa da Jakara, kuma akasarinsu sun sami ƙarafa sama da iyaka a wani wuri ko wani lokaci. Amma kowanne hoton rana ɗaya ne, wannan ya ɗauka daga gada, wancan daga bakin bututu, wannan da damina, wancan da bazara. Ba su haɗu sun zama jerin da za a duba a ce a bana Salanta ta fi bara ko ta gaza ta ba. Bakano yana jin farashin masara a Dawanau kowane mako, bai taɓa jin rediyo ta karanto masa adadin kuromiyom na Tamburawa na watan jiya ba. A Gashuwa, can ƙasan kogin, ciwon ƙoda ya yi yawa har gwamnatin Yobe ta sa masana bincike, mutane suna nuna ruwa da yatsa. Da akwai awon wata-wata na shekara 30 daga Challawa zuwa can, da ko dai an kama mai laifi ko an wanke wanda ake zargi. Wurare goma, kwalba goma a wata, injin da aka san ƙarfin ganinsa, da allon da za a liƙa sakamako: kuɗinsa a shekara ba zai kai na motar babban jami'i guda ba.

Shi kuwa Alhaji, abin da na ce masa shi ne kowace rijiya maƙwabtanta ake tambaya kafin a zaɓi abin da za a auna. Hotoro ba ta da majema, amma tana da gidajen mai, garejin tankoki, bakanikai masu zubar da baƙin mai, da masu fasa tsohon batir, wanda fiye da rabin nauyinsa dalma ce. A irin wannan unguwa, bayan dalma sai a nemi benzin, sinadarin da ke cikin fetur, wanda iyakarsa 0.01 ce shi ma. A Ogale ta ƙasar Ogoni rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya same shi a ruwan rijiya ninki 900 na wannan iyaka. Injin ƙarafa ba ya ganin benzin, kuma ba a kai samfurinsa a gorar lemo mai rabin iska, sai a kwalbar gilashi cike taf, a rufe, a cikin ƙanƙara. Na ce ya sake ɗiba a Afrilu, ya ƙara a ƙarshen Agusta, ya rubuta kwanan wata a jikin kowace kwalba, kuma kafin ya biya ya tambaye su mafi ƙarancin abin da injinsu ke gani. Ya zaro takardar daga aljihu, ya juya bayanta, ya ce, "Malam, ara mini biro."